Jagorar Hutun Kwana Biyar a Tsibirin Zanzibar

Mutumin da ya samu hutun mako guda daga ofis ko daga kasuwa, kuma yake neman inda zai sauke gajiya a bakin teku ba tare da ya damu da abin da zai ci ko inda zai yi salla ba, da wuya ya sami wurin da ya fi Zanzibar dacewa da shi a nahiyar Afirka. Zanzibar tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya, kuma manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Idan mutane suka ce sun je Zanzibar, galibi Unguja suke nufi, tsibiri mai tsawon kimanin kilomita 85, inda babban birnin da babban filin jirgin sama da mafi yawan masaukan baƙi suke. Mafi rinjayen mutanen tsibirin Musulmi ne, ana jin kiran salla a birni da ƙauye, kuma naman da ake sayarwa a kasuwanninsu yankan Musulmi ne. Wannan jagora ta ginu a kan zaman kwana biyar a can, ban da kwanakin hanya, kuma ra'ayin da zan bi a kowane mataki shi ne cewa gajeren hutu ba ya ɗaukar cunkoso, domin wanda ya cusa wurare goma a cikin kwana biyar zai dawo gida da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita.

Mataki na farko: a gama da takardu kafin a taɓa kuɗin tikiti

A nan ne mafi yawan tafiye-tafiyen mutanenmu suke lalacewa, saboda haka na sa shi a gaba. Zanzibar tana da gwamnatinta da shugabanta, amma tun haɗewarta da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilun 1964 ta zama ɓangaren Tanzaniya, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Masu fasfon Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin rukunin ƙasashen da ba a ba su biza a filin jirgi, kuma buƙatarsu sai an tura ta ga manyan jami'an shige da fice sun amince kafin a bayar. Ana cike takardar neman ta intanet a shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya, a ɗora hoto da shafin farko na fasfo da sauran abin da aka nema, sannan a jira. Shawarar da ta dace ita ce a fara neman nan aƙalla wata biyu kafin ranar tafiya, kuma kada a biya tikiti ko otal da ba a mayar da kuɗinsu sai amsa ta fito. Masu fasfon Ghana ba su da wannan wahala, domin ba sa bukatar biza don gajeriyar ziyara. Kowane fasfo dai ya zamana da sauran aƙalla wata shida kafin wa'adinsa ya ƙare.

Abu na biyu shi ne katin allurar rigakafin zazzaɓin shawara, katin nan mai ruwan ɗorawa. Ana tambayar duk wanda ya fito daga ƙasashenmu wannan kati, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma da yin ta, saboda haka wanda bai taɓa yi ba kada ya bari sai makon tafiya.

Na uku shi ne inshora. Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2024, gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi masu shiga tsibirin sayen inshorar tafiya daga kamfaninta, Zanzibar Insurance Corporation, kuma an fara ta a kan dala 44 ga kowane babban mutum. Ko da matafiyi yana da wata inshorar daga gida, wannan ba ta faɗi a kansa ba. Ana saye ta intanet, a sami takarda mai lambar QR, kuma ya kamata a buga ta a takarda tare da bizar da shaidar otal da tikitin dawowa, a haɗa su wuri guda, domin waya tana iya mutuwa ko intanet ya ƙi a daidai lokacin da jami'i yake jira.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokutansa ba su yi daidai da namu ba. Babbar daminarsu, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, wato a daidai lokacin da bazara take ƙona Kano da Sakkwato da Damagaram. A lokacin farashin otal yana sauka ƙwarai, amma ruwan sama yana iya kwana yana zuba, wasu masaukan ma rufewa suke yi don gyara, kuma mai kwana biyar kacal ba shi da ranakun da zai yi asara. Daga Yuni zuwa Oktoba shi ne lokacin da na fi so, domin iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, zafi ya yi sauƙi, sama kuma ta washe. A wajen Nuwamba zuwa farkon Disamba ana yin ƙaramar damina mai suna vuli, wadda ruwanta kan zo ya wuce cikin ɗan lokaci. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu kuwa zafi da gumi suke yi, ga kuma tsadar ƙarshen shekara, lokacin da Turawa suke tururuwa suna gudun sanyin ƙasashensu.

A duba kalandar Musulunci ma. A watan azumi gidajen abinci da yawa na cikin gari ba sa buɗewa da rana, kuma ba a son a ga mutum yana ci ko sha a kan titi. Ga mai azumi wannan ba matsala ba ce, sai dai hutun bakin teku da azumi ba su cika haɗuwa da kyau ba, musamman idan akwai yara a tafiyar.

Mataki na uku: zaɓen gaɓa, wanda shi ne ginshiƙin tafiyar

Wanda ya tashi a ƙasar da ba ta da teku ya saba da kogi da tafki, waɗanda ke cika da damina su ragu da rani. Teku ba haka yake ba. Sau biyu a kowane yini da dare ruwansa yana cikowa, sau biyu kuma yana janyewa, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin kowace rana saboda yana bin wata. A Zanzibar bambancin tsakanin cika da janyewa yana kaiwa kusan mita huɗu a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, wato wajen daren sha huɗu, alhali a sauran kwanaki bambancin yana raguwa. Duk wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da rabin wannan ilimi a hannunsa tun kafin ya tashi.

Abin da ya sa wannan yake da muhimmanci shi ne cewa gaɓar gabas, inda ƙauyukan Paje da Jambiani da Matemwe suke, shimfiɗaɗɗiya ce, ruwanta ba zurfi har zuwa can nesa inda duwatsun murjani suka yi katanga. Idan ruwa ya janye a nan, yana iya yin nisan fiye da kilomita guda. Ranar da na fara sauka a Jambiani da hantsi, na ajiye jaka na fita da niyyar shiga ruwa, sai na tarar da farin yashi jiƙaƙƙe ya miƙe har inda ido ya tsaya, kwale-kwalen masunta suna kwance a kan gefensu kamar an manta da su. Can tsakiya mata ne a zaune cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, da zannuwansu masu launi, suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin ƙananan turaku. Noma suke yi, kuma mwani suke kiran abin da suke nomawa, su shanya shi a rana a sayar. Bayan azahar sai ruwan ya fara dawowa a hankali, matan suka ɗauko buhunansu a ka suka fito, kafin la'asar kwale-kwalen nan duk sun tashi suna rawa a kan ruwa. Na yi asarar wankan safiya, amma ban taɓa mantawa da abin da na gani ba, kuma tun daga ranar ba na shirya komai a bakin teku sai na duba jadawalin cikar ruwa, wanda ake samu a intanet ko a rubuce a allo a ƙofar masaukai da yawa.

Don haka zaɓin ya danganta da abin da mutum yake nema. Wanda burinsa shi ne ya shiga ruwa a duk lokacin da ya ga dama, ya nufi arewacin tsibirin, wato Nungwi ko Kendwa, inda gaɓar take da gangare kuma ruwa ba ya yin nisa. Daga can ana ganin faɗuwar rana a kan teku. Sai dai can ne baƙi suka fi yawa, ga masu tallar yawon kwale-kwale, ga kiɗa da dare, kuma Kendwa ta yi suna da casun da ake yi a daren cikar wata, abin da mai iyali ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗin ɗaki. Wanda yake son shiru, da fitowar rana bayan sallar asuba, da doguwar tafiya a kan yashi ba mai damunsa, to gabas ta fi masa, musamman Jambiani ko Matemwe. Paje tana da kyau, amma cibiyar matasa ce masu wasan da lema take jan mutum a kan ruwa, kuma a lokacin iska sararin samaniyarta cike yake da lemominsu. Ni dai idan aka ce hutu ake nema, gabas nake zaɓa.

Kafin a biya masauki a rubuta musu a yi tambayoyi huɗu ko biyar: ko ɗakin yana da na'urar sanyaya ɗaki ko fanka kawai, ko akwai gidan sauro, ko suna da janareta idan wuta ta ɗauke, ko akwai mashaya mai kiɗa a kusa, kuma ko harajin kwana da gwamnati take karɓa a kan kowane baƙo yana cikin farashin ko daban ake biyansa. Manyan otal-otal na 'yan yawon buɗe ido suna sayar da giya, wasu kuma suna dafa naman alade saboda baƙinsu, don haka wanda ya sauka a irinsu ya yi tambaya a ɗakin cin abinci. Ƙananan masaukai na 'yan gari sun fi sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa sun fi kusa da abin da muka saba.

Mataki na huɗu: jirgi, kaya da kuɗi

Hanya mafi sauƙi daga Kano ko Abuja ko Yamai ita ce ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, a sauka a canja jirgi zuwa Zanzibar. Daga Legas akwai kuma Kenya Airways ta Nairobi. A lissafa cewa yini guda zai tafi a zuwa, guda a dawowa, shi ya sa mako guda na hutu yake ba da kwana biyar a tsibirin. A zaɓi tikitin da zai sauke mutum kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume, wanda ke 'yan kilomitoci kaɗan daga tsohon birni. Ana iya sauka a Dar es Salaam a hau jirgin ruwa mai gudu na kimanin awa biyu, amma wannan ƙarin wahala ce ga mai gajeren lokaci, kuma tekun yana iya tayar wa wanda bai saba ba da zuciya.

Kaya kuwa, ƙaramar jaka ta isa. Ana bukatar tufafi marasa nauyi na auduga, da hula ko malfa, da tabarau, da man kare fata daga rana, domin ranar bakin teku tana ƙona baƙar fata ma, musamman wuya da kafaɗu. A nemi takalmin roba mai rufe ƙafa don tafiya cikin ruwa, saboda akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da take ɓuya tsakanin duwatsu, kuma idan aka taka ta ƙayar tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Mata za su iya ɗinka ko sayen kayan wanka masu rufe jiki tun daga gida. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, don haka mutanen Nijar da Chadi da Kamaru ne za su bukaci abin haɗi. Kada a sa leda a cikin kaya, domin Tanzaniya ta haramta jakar leda tun Yunin 2019. A ga likita kafin tafiya a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe nasa a jakar hannu.

Kuɗin ƙasar shilin ne. Katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje, don haka a tafi da dala a hannu, sababbin takardu marasa yagewa, domin masu canji sukan ƙi tsofaffi. A canja kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin birni, kuma a yi hakan kafin a wuce ƙauyukan gaɓa inda na'urorin cire kuɗi ba su da yawa.

Mataki na biyar: daren farko a tsohon birni

A shirya da masauki su aiko da mota filin jirgi, a kuma daidaita farashi a rubuce tun kafin a sauka. A mayar da agogo gaba da awa biyu daga lokacin Najeriya da Nijar. Akwai kuma wani abin lura game da lokaci, wato mutanen Sawahili suna fara ƙirga awoyi daga wayewar gari, don haka ƙarfe bakwai na safe a wurinsu saa moja ce, wato awa ta ɗaya, ƙarfe takwas kuma saa mbili. Idan direba ya ce zai zo da saa mbili asubuhi, ƙarfe takwas yake nufi, kuma ya fi kyau a rubuta lokacin a waya a nuna masa don kowa ya tabbatar.

Shawarata ita ce a kwana ɗaya a tsohon birni, wanda 'yan gari suke kira Mji Mkongwe, baƙi kuma Stone Town, sannan a koma gaɓa a yi sauran kwana huɗun ba tare da an sake ɗaure kaya ba. Hukumar UNESCO ta sa birnin a jerin wuraren tarihi na duniya a 2000, kuma a ƙafa ake yawonsa, domin lungunansa sun yi wa mota ƙunci. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta sosai ba, illa dai a nan gidajen na dutsen murjani ne masu hawa biyu da uku, da manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla. A bakin teku akwai tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, kuma kusa da ita akwai fadar Beit al-Ajaib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rushe a Disambar 2020. Mai son ya san nauyin tarihin wurin ya je inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, inda yanzu cocin Angilikan yake tsaye, ya ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Wuri ne mai tayar da hankali, kuma ina ganin bai kamata ɗan Afirka ya wuce shi ba.

Da la'asar a nemi mahaɗar da ake kira Jaws Corner, inda dattawa suke zama a kan dakali. Mai gahawa yana zuba ta baƙa wuluk daga butar da ke kan garwashi a cikin 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi, ya ɗauraye kowane kofi a cikin kwanon ruwa kafin ya miƙa wa na gaba, kuma ana haɗa ta da kashata, wata alewa ta gyaɗa ko kwakwa mai kama da kantu. Bayan magariba kuma a gangara lambun Forodhani, inda masu abinci suke jera tebura. A ɗanɗana mishkaki, wanda ɗan'uwan tsire ne, da urojo, wata miya mai tsami da dankali da ƙananan ƙosai a ciki, da ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami a gaban mai saye. Game da kifi da jatan lande da ƙaguwa da aka jera a tebur, a zaɓi wanda za a gasa sosai a gaban ido, a kuma tambayi farashi kafin a ɗora a wuta, domin ɓacin ciki a daren farko yana cinye rabin hutun.

Masallatai suna ko'ina a birnin. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne alƙibla, domin mu gabas muka saba fuskanta har ta zama sunan alƙiblar a bakinmu, amma daga Zanzibar Makka tana arewa ne kusan sak. Mafi yawansu 'yan mazhabar Shafi'iyya ne, don haka za a ji liman yana bayyana bisimilla, yana kuma yin alƙunutu bayan ruku'u a sallar asuba tare da ɗaga hannu.

Mataki na shida: kwana huɗu a gaɓa

Daga birni zuwa Paje ko Jambiani tafiyar awa guda ce ko ɗan fiye, zuwa Nungwi kuma kimanin awa ɗaya da rabi. Akwai motocin haya na jama'a da ake kira daladala, masu arha ƙwarai amma masu cunkoso da yawan tsayawa, kuma ga mai kaya da iyali shatar mota ta fi. Ban ba da shawarar mutum ya yi hayar mota ya tuƙa da kansa ba, domin a hagun titi suke tuƙi kuma sai an nemi izinin tuƙi na tsibirin.

Wanda ya nufi Paje ko Jambiani zai bi ta dajin Jozani, don haka ya tsaya awa biyu a hanya maimakon ya ware masa yini guda. A nan ne ake ganin jan birin nan da suke kira kima punju, wanda asalinsa na wannan tsibiri ne, kuma akwai gadar katako da ta ratsa cikin itatuwan da suke tsirowa a ruwan gishiri. Ba a ba birran abinci kuma ba a taɓa su.

Da zarar an isa masauki, yini na farko kada a shirya komai. A bar jadawalin ruwa da lokutan salla su tsara ranar: tafiya a kan yashi bayan asuba lokacin da gaɓar ba kowa sai masunta, wanda kuma shi ne lokacin da mata masu son sakewa za su fi jin daɗin shiga ruwa, sai karin kumallo, sai wanka idan ruwa ya ciko, sai ƙailula a inuwa da tsakar rana tare da ruwan ɗanyar kwakwa da suke kira madafu. Rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe shida da rabi kusan duk shekara, duhu kuma yana shiga da sauri, don haka ba a yawo a gaɓar da ba kowa da dare. Wayar aiki kuwa a ware mata rabin awa da yamma, a kuma sanar da abokan aiki da abokan ciniki haka tun daga gida, in ba haka ba ofis ne zai biyo mutum har ƙarƙashin bishiyar kwakwa.

A sauran kwana ukun, fita biyu sun wadatar. Ɗaya ta kan ruwa ce, ko dai yawon yamma a jirgin ruwa mai filafilai irin na dā, ko zuwa kallon kifaye masu launi a kewayen tsibirin Mnemba ga wanda ya sauka a arewa maso gabas. A nan ina da gargaɗin da nake so a ɗauka da gaske. Iya iyo a kogi ko a tafki ba shi ne iya teku ba, kuma da yawa daga cikinmu ba mu iya ko na kogin ba. Kada a shiga kwale-kwale sai an ga rigar da ke hana nutsewa ga kowane mutum, har da mai daidai da jikin yaro, kuma a sa ta a ɗaure tun kafin a tashi. Wanda ya bi yashi zuwa nesa lokacin da ruwa ya janye ya san lokacin dawowarsa, ya juyo da wuri, domin ruwan yana cika kwaruruka ta bayan mutum kafin ya ankara. A shirya irin wannan fita ta hannun masauki ko ofishin da yake da rajista. Samarin da suke bin baƙi a gaɓa da tayin yawo, a ce musu hapana, asante, wato a'a, na gode, cikin sakin fuska, a ci gaba da tafiya.

Fita ta biyu ita ce gonar kayan ƙamshi, waɗanda suka fi yawa a tsakiyar tsibirin wajen Kizimbani. Mun saba ganin kanumfari da kirfa da masoro a busasshe a gaban mai koli, amma a can za a ga kanumfari yana toho a kan doguwar bishiya, a ɓare ɓawon kirfa a miƙa wa mutum ya sansana, a ga masoro yana hawa jikin wata bishiya kamar wake. Kanumfari ne ya ɗaukaka tsibirin a ƙarni na 19 bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan, ko da yake a yau Pemba ce ta fi noma shi. Wanda tarihin Musulunci ya fi jan hankalinsa yana iya musanya wannan fita da zuwa Kizimkazi Dimbani a kudancin tsibirin, inda wani tsohon masallaci yake ɗauke da rubutun Larabci na tsohon salon Kufi mai tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

A duk inda aka shiga ƙauye a rufe jiki daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa, abin da ba sai an koya wa Bahaushe ba, kuma kada a ɗauki hoton mutum, musamman mace, sai da izininsa. Sallama tana buɗe kowace ƙofa, ana gaida babba da shikamoo ya amsa da marahaba. Harshen Sawahili ya ari kalmomin Larabci da yawa kamar namu, don haka kunne zai riƙa kama habari da sabuni da dunia da Alhamisi, kuma wajen ciniki lambobin kusan ɗaya ne: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sai elfu wato dubu. Da bei gani, wato nawa ne, da punguza, wato rage, mutum zai yi cinikinsa kamar yana Kurmi.

Mataki na ƙarshe: tsaraba da komawa

A bar sayayya sai ranar ƙarshe, a baro gaɓa da wuri a tsaya a kasuwar Darajani da ke bakin tsohon birni, inda 'yan gari suke sayayya kuma farashi ya fi na shagunan baƙi sauƙi. Kanumfari da kirfa ba su da nauyi kuma kowane gida zai yi murna da su. Akwai kanga, zanen mata da ake sayarwa bibbiyu, kowanne da karin magana a rubuce a gefensa, kuma ya kamata a sa mai shago ya fassara kafin a saya, domin wasu addu'a ne wasu kuwa habaici ne. Ga maza akwai hular kofia mai ƙananan huji da aikin zare. Kada a ɗebo murjani ko manyan ƙwaryar dodon koɗi daga gaɓa, ko a saye su, domin ana iya tsare su a filin jirgi. A kashe ragowar shilin ko a canja shi kafin a tashi, tun da ba za a sami mai karɓarsa a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ba, a isa filin jirgi awa uku kafin lokaci, kuma tun wajen sayen tikiti a zaɓi ranar dawowa da za ta bar kwana guda a gida kafin a koma bakin aiki.